Jariri da Talabijin: Tambayoyin da Iyaye Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Da wuya a shiga gida mai ƙaramin yaro ba a tarar da wannan gardama ba. Uwa na cewa talabijin ce kaɗai ke sa shi ya yi shiru har ta samu ta taɓa wani aiki, uba na cewa shi dai ya ji an ce tana dakushe ƙwaƙwalwa, kaka kuwa ta ce nata 'ya'yan sun kalla, ga su nan garau. Tambayoyin da ke ƙasa su ne aka fi yi a kan batun. Duk inda aka ce talabijin, a haɗa da waya da kwamfuta, sai dai inda aka bambanta su.

Jaririna watansa biyar, kuma yana son kallo. Ya dace in bar shi?

A'a, bai dace ba tukuna. A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019, ta ce kada a ba wa yaron da bai cika shekara ɗaya ba kallo ko kaɗan, kuma ɗan shekara ɗaya ma ba ta so a zaunar da shi gaban allo ba. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta riga ta faɗin haka tun 1999, lokacin da ta shawarci iyaye su nisanta 'yan ƙasa da shekara biyu daga talabijin. A 2016 ta ɗan sassauta: kafin wata 18 babu kallo sai kiran bidiyo da dangi, daga wata 18 zuwa 24 kuma ana iya soma nuna masa shiri mai inganci kaɗan, muddin babba na zaune tare da shi.

Kada wannan ya tayar wa kowa da hankali. Jaririn da idonsa ya faɗa kan talabijin na minti biyu yana cinyar uwarsa bai cutu ba. Abin da ake gudu shi ne kallon ya zama abin kullum, a ajiye shi a kujerarsa, a juyo da ita wajen allo, a tafi.

To bayan shekara biyu, awa nawa ya kamata?

Daga shekara biyu zuwa huɗu, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce awa ɗaya a yini, kuma ta ƙara da cewa in ya gaza haka ya fi. Likitocin yara na Amurka su ma awa ɗaya suka yanke wa 'yan shekara biyu zuwa biyar a 2016. Hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar Suwidin ta bi wannan layi a 2024: babu allo kafin shekara biyu, awa ɗaya daga nan zuwa shekara biyar.

Awar nan iyaka ce, ba kaso ba ne da za a ce sai yaro ya cinye shi kullum. Kuma jimilla ake nufi. Minti ashirin da safe a talabijin, minti ashirin a wayar babansa da rana, minti ashirin a wayar yayarsa da yamma, awa ta cika ke nan, ko da kowannensu yana ganin ɗan kaɗan ya ba shi.

Wai mene ne ainihin illar? Hasken ne, ko ƙarar?

Babbar illar ita ce abin da kallon ke cinyewa. Jariri yana kwashe mafi yawan yininsa yana barci: awa 14 zuwa 17 a watanni ukun farko, awa 12 zuwa 16 daga wata huɗu zuwa goma sha ɗaya. In aka cire lokacin shan nono da wanka da sauya masa kaya, sa'o'in da yake a farke yana wasa ba su da yawa. A cikin 'yan sa'o'in nan ne zai koyi ɗaga wuya, juyi, zama, rarrafe, kama abu, da gane muryoyi. Ƙwaƙwalwarsa kuwa tana ninka girmanta a shekarar farko kaɗai. Awa ɗaya ta babba ba komai ba ce, amma ta jariri babban yanki ce ta aikin yininsa.

Ku lura da ɗan wata shida da uwarsa in suna hira. Ya ce "ba", ta buɗe ido ta ce "ba me?" Ya yi dariya ya wuntsila ƙafa, ta kama ƙafar ta girgiza. Ya kau da kai ya kalli ƙofa, ita ma ta waiwaya ta ce "wa ke zuwa?" Duk abin da ya jefo, ta cafe ta mayar masa, nan take, daidai da abin da ya yi. A haka yake gane cewa sautinsa na motsa mutane, cewa magana karɓa-karɓa ce, cewa abin da yake kallo yana da suna. Talabijin ba ta san yana wurin ba. Ya yi murmushi ko ya yi kuka, ita dai abin da ke gabanta take yi.

Wani masani mai suna Edward Tronick ya nuna ƙarfin wannan a shekarun 1970. Yakan sa uwa ta yi wasa da jaririnta, sai can ta daskare fuska, ba murmushi ba motsi. Cikin ɗan lokaci jaririn zai soma neman janyo hankalinta, ya yi ƙara, ya miƙa hannu, in ta ƙi kulawa ya kau da kai ya fashe da kuka. Tun yana wannan ƙanƙanta ya san bambancin fuskar da ke amsa masa da wadda ba ta amsawa.

Amma fa yana ƙura mata ido, ko ƙiftawa ba ya yi. Ba alamar yana fahimta ba ce?

Ba lallai ba. Kowane ɗan Adam an halicce shi da waiwayar sabon motsi da sabuwar ƙara, shi ya sa in wani abu ya gilma ta gefen idonka sai ka juya ba shiri. Talabijin tana sauya hoto duk bayan 'yan daƙiƙu, launi ya canza, sauti ya tashi, don haka kafin jariri ya ɗauke kai wani sabon abu ya sake fizgo shi. Kamun ido ne kawai. Shirun da yake yi ma ba irin natsuwar da yake yi ba ce lokacin da yake jujjuya murfin kwano a hannu yana kai shi baki.

Shirye-shiryen da aka yi musamman don jarirai fa, masu koyar da kalmomi da launuka?

An gwada su sosai, kuma sakamakon bai yi wa masu sayar da su daɗi ba.

A 2003 Patricia Kuhl da abokan aikinta a Jami'ar Washinton suka tara jarirai 'yan wata tara waɗanda Turanci kaɗai ake yi a gidajensu. Wasu aka haɗa su da masu jin harshen Mandarin na ƙasar Sin, suna yi musu wasa da karatu ido da ido har zama goma sha biyu. Wasu aka nuna musu mutanen nan dai, suna faɗin abubuwan nan dai, amma a bidiyo. Wasu kuma murya kaɗai aka kunna musu. Da aka auna, waɗanda suka zauna da mutane sun iya bambance sautukan Mandarin da kunnen Bature ba ya rarrabewa. 'Yan bidiyo da 'yan murya kuwa kamar ba su taɓa jin harshen ba, duk da cewa 'yan bidiyon sun zuba wa allon ido.

A 2010 Judy DeLoache ta Jami'ar Bajiniya ta gwada wani fitaccen faifan koyar da kalmomi a kan 'yan wata 12 zuwa 18. Wata guda suna kallonsa a gida. Ba su fi waɗanda ba su kalla ba sanin kalmomin cikinsa ba. Waɗanda suka fi kowa koyo su ne yaran da aka ba iyayensu jerin kalmomin aka ce su koya musu da baki a harkokin yau da kullum, babu faifai. Wani abin dariya a binciken: iyayen da faifan ya burge su ne suka fi zaton yaransu sun ƙaru da shi.

Ko ɗan shekara biyu yana shan wahalar ɗauko abu daga allo ya kawo shi zahiri. A wani gwaji na 1998 an ɓoye abin wasa a ɗaki yara na kallo. Waɗanda suka gani ta taga suna shiga suka ɗauko shi. Waɗanda suka ga ɓoyewar ta talabijin yawancinsu suka yi ta lalube. Wannan giɓi yana raguwa ne wajen shekara biyu da rabi zuwa uku.

Har kamfanin Disney, da ya mallaki faya-fayen jarirai masu suna Baby Einstein, ya yi tayin mayar wa iyaye kuɗinsu a 2009 bayan matsin lambar masu fafutukar kare yara kan da'awar cewa faya-fayen na ilimantarwa. Faransa kuwa tun 2008 hukumar da ke sa ido kan kafafen yaɗa labaranta ta hana tashoshin ƙasar watsa shirye-shiryen da aka tsara don 'yan ƙasa da shekara uku.

Mu ne muke kallon labarai da wasan ƙwallo, shi yana gefe yana wasansa. Wannan ma da matsala?

Wannan ce tambayar da a ganina ta fi muhimmanci, kuma ita aka fi raina wa. Gidaje da yawa talabijin na kunne tun safe har dare, babu mai kallonta, ana dai jin motsinta.

Ta hanya biyu take taɓa yaro. Ta farko, tana katse masa wasa. A wani bincike na 2008 an bar yara 'yan wata 12, 24 da 36 su yi wasa na awa guda, rabin lokacin ana nuna wani shirin manya, rabin kuma a kashe. Ba su damu da shirin ba, sukan ɗaga kai na 'yan daƙiƙu su mayar. Duk da haka wasansu ya gajarce, ba sa daɗewa a kan abu ɗaya kamar lokacin da take kashe. Yaro na ƙoƙarin ɗora gwangwani a kan gwangwani, aka yi tafi a talabijin, ya waiga, ko da ya dawo ya manta abin da yake ginawa.

Ta biyu, tana rufe bakin manya. A 2009 Dimitri Christakis da abokansa suka maƙala wa yara sama da 300 ƙaramar na'urar naɗar sauti a riga. Suka gano cewa duk awa ɗaya da ake jin talabijin a ɗaki, kalmomin da yaro ke ji daga bakin babba suna raguwa da kusan 770, shi kansa yaron gwarancinsa na raguwa. Ba sai an yi bincike ba ma, kowa ya san yadda ake amsa wa yaro da "uhm" ido na kan allo.

Maganin mai sauƙi ne. In ba wanda ya zauna don kallo, a kashe. Shirin da kuke so ku kalla, ku kalla, in ya ƙare ku kashe. Masu tashin hankali da ihu da harbe-harbe a bari sai ya yi barci.

Kiran bidiyo da babansa da ke nesa, ko kakanninsa?

Wannan daban ne, a yi. Wanda ke cikin wayar yana ganinsa, yana kiran sunansa, yana amsa masa a kan lokaci. Wani bincike na 2014 ya nuna yara 'yan wata 24 zuwa 30 sun koyi sababbin kalmomi ta kiran bidiyo kamar yadda suka koya ido da ido, amma ba su koya daga bidiyon da aka naɗa ba. Ki riƙe wayar da kanki, ki taya shi: "Ga Baba nan, ɗaga masa hannu." In ya gaji ya soma kau da kai, a sallama.

Waya ta fi talabijin sauƙin illa, tunda ƙarama ce?

Ta fi ta wuyar sha'ani. Talabijin tana wuri ɗaya, waya kuwa tana bin yaro har gado da mota da layin asibiti. Tana dab da idonsa, shi kaɗai yake kallo, kuma manhajoji irin su YouTube suna jero wani bidiyon da zarar wani ya ƙare, har ya kai inda ba ki aike shi ba. In dole sai an kalla, babban allo daga nesa tare da mutane ya fi.

Ba ya cin abinci sai an kunna masa katun. Ya zan yi?

Ni ma na faɗa wannan rami da 'yata ta fari. Wajen wata goma sha huɗu ta soma ƙin abinci, rana ɗaya na jingina waya a jikin kofi, sai ga baki ya buɗe. Cokali na shiga, idonta na kan allo, ko kallon abin da take haɗiya ba ta yi. Na ji daɗi ƙwarai. Bayan sati uku, ko kwano ta hango sai ta nuna wayar, in babu ta dantse baki. Na warware matsalar yini ɗaya na sayo ta wata biyu.

Yaron da ake ɗura wa abinci hankalinsa na wani wuri ba ya lura da ɗanɗano, ba ya koyon kai hannu baki, kuma ba ya jin lokacin da cikinsa ya ce ya isa. Cin abinci gaban talabijin na cikin abubuwan da aka danganta da ƙibar yara. Ki cire allon, ki zaunar da shi ku ci tare, ki bar shi ya dama hannu ya ɓata jiki. Kwana biyu ko uku zai ci kaɗan, ya yi rigima. Lafiyayyen yaro ba ya zama da yunwa ga abinci a gabansa. In kuwa yana ramewa ko nauyinsa ya tsaya, wannan maganar likita ce, katun ba zai gyara ta ba.

Kallo kafin barci yana sa shi natsuwa, ko?

Akasin haka aka fi gani. Haske da daddare yana jinkirta fitar sinadarin melatonin da ke sanar da jiki dare ya yi, kuma ƙananan yara sun fi manya jin wannan. Ga kuma hayaniyar shirin da ke ci gaba da yawo a kansa. Shawarar likitocin yara ita ce a kashe allo awa ɗaya kafin kwanciya, kuma kada a ajiye talabijin a ɗakin da yaro ke kwana.

Zama kusa da talabijin yana kashe ido?

Ba ya makantarwa. Yana iya gajiyar da ido, ya bushe don ƙarancin ƙiftawa. Abin da likitocin ido suka fi damuwa da shi shi ne yawan kallon abu na kusa da ƙarancin fita waje, domin an tabbatar wasa a hasken rana yana rage haɗarin matsalar rashin hangen nesa. Yaron da kullum sai ya matso dab da allo ko yana ƙanƙance ido, a kai a duba shi, wataƙila dama ba ya gani sosai.

Haske mai walƙiya da sauri kuwa yana iya tayar da farfaɗiya ga 'yan tsirarun yaran da ke da wannan rauni. A Disambar 1997 an kai mutane fiye da 600 asibiti a Japan, akasarinsu yara, bayan wani katun ya nuna walƙiyar ja da shuɗi na 'yan daƙiƙu.

Ɗana ya yi jinkirin magana. Talabijin ce ta jawo? An ce har otizim tana sawa, wato lalurar da ke wahalar da yaro wajen magana da mu'amala da mutane.

Akwai alaƙa tsakanin yawan kallo da jinkirin magana. Wani bincike a Japan da aka buga a 2023, kan yara kusan 7,000, ya gano cewa waɗanda ke kallon awa huɗu ko fiye a yini suna 'yan shekara ɗaya sun fi samun jinkiri a fannin sadarwa da warware matsala a shekara biyu da huɗu. Sai dai alaƙa ba ta nuna wanne ya haifi wanne. Wani yaron kallon ne ya rage masa hira, wani kuwa dama mai wuyar rarrashi ne, shi ya sa aka fi ba shi waya. Game da otizim, ba a tabbatar talabijin na haddasa shi ba, kuma gado na da babban hannu a cikinsa.

Kada a tsaya neman mai laifi. In ya kai wata 12 ba ya gwaranci, ba ya nuni da yatsa, ba ya waiwayowa in an kira sunansa, ko wata 16 babu kalma ko ɗaya, ko shekara biyu ba ya haɗa kalma biyu, ko ya daina abin da ya riga ya iya, a kai shi asibiti, a kuma nemi a gwada jinsa. A rage kallon tun yau, amma kada a zauna jiran ganin ko ragewar kaɗai za ta isa.

Ni kaɗai ce a gida, ga aiki. In ban kunna masa ba, ya zan yi?

Wannan gaskiya ce, kuma mai ba da shawarar da bai taɓa yin wanka jariri na tsala kuka a bakin ƙofa ba, to sai ya yi a hankali. Ba a ce ki zauna kina yi masa wasa yini guda ba. Jariri na iya zama da kansa na ɗan lokaci in yana hango ki. Shimfiɗa masa a inda kike aiki, nesa da wuta da ruwa, ki ba shi roba da murfinta da ludayi. Ki riƙa faɗa masa abin da kike yi, ko shirme ne: "Bari in wanke wannan, ka ga kumfa?" Wannan surutun shi ne darasin. Wanda bai soma rarrafe ba a riƙa kifa shi a kan cikinsa yana farke, ana kallonsa, jimillar aƙalla minti 30 a yini.

Ranar da abin ya fi ƙarfinki, ba ki da lafiya ko kin kai maƙura, minti goma na shiri mai sanyi ya fi ki daka masa tsawa. Ki dai kula kada ranar nan ta zama kowace rana. Kuma reno ba na uwa kaɗai ba ne. Uban da ya dawo ya ɗauki rimot zai iya ɗaukar yaron a maimakonsa.

Yayyensa suna kallo, ba zan iya raba su ba.

A daidaita lokacin kallonsu da barcinsa na rana. In bai yiwu ba, a zaunar da shi ya ba allon baya, a rage sauti.

Ya kai shekara biyu. Wane irin shiri zan zaɓa?

Mai tafiya a hankali, mai labari ɗaya da yaro zai iya bi, da mutane ko 'yan tsana masu magana a sarari, babu talla, babu duka. A 2011 an nuna wa 'yan shekara huɗu katun mai saurin sauya hoto na minti tara kacal, kuma nan take suka gaza takwarorinsu da suka yi zane a gwaje-gwajen haƙuri da bin umarni. Ki fara kallon shirin ke kaɗai. In ke kanki ya sa miki jiri, shi ma haka.

Sannan ku kalla tare, kina tambayarsa, "Ina kyanwar ta shiga?" In an gama, ki nuna masa kyanwar gaske. Maimaita shiri ɗaya sau goma ba laifi ba ne, a haka suke koyo.

Ya riga ya saba sosai. Ta ina zan fara ragewa?

Fara da wurare biyu: lokacin cin abinci da awar kafin barci. In waɗannan sun zauna, a tsayar da lokaci ɗaya a yini wanda ya san nasa ne. A faɗa masa tun kafin a kunna cewa ɗaya za a kalla, a kashe abin da ke jero bidiyo da kansa, in ya ƙare a bar shi ya danna maɓallin kashewa da hannunsa, a tashi nan take zuwa wani abu, wanka ko fita waje. Zai yi kuka, ya yi birgima. In aka mayar masa saboda kukan, gobe kukan zai fi na yau. Duk mutanen gidan su zama baki ɗaya, har da mai reno, kuma manya su rage latsa tasu wayar a gabansa, don ba zai yarda abin da ke hannunki kullum ba shi da daɗi ba.

Akwai wani haɗari da ba a ambata ba?

Akwai, kuma ba ruwansa da kallo: faɗowar talabijin ɗin kanta. Yaro mai koyon tsayuwa yana kama duk abin da ya samu, mai ƙiriniya kuma yana jawo aljihun durowa ya taka don ya kai ga allo. Yara na mutuwa ta wannan hanya. A kafe ta a bango, ko a ɗaure ta da teburin da take kai, shi ma teburin a ɗaure shi da bango, a tattare wayoyin wuta daga inda hannunsa zai kai. Rimot ma a ɗauke, musamman mai ƙaramin batir mai kama da maɓalli, domin in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona maƙogwaro cikin awa biyu. In hakan ta faru a garzaya asibiti nan take, ko da yaron yana wasansa kamar ba abin da ya same shi.